Ban Sa Wa Mubina Hannu Ba

Talata, 6 ga Zulƙida 1437, bayan la'asar

Da can matata Hauwa nake yi wa mita. Yanzu sai takarda. Da ajamin allo nake rubutawa, 'ya'yana ba su iya karanta shi ba, kuma gara haka.

Ja'afaru, babban ɗana, ya shigo yau da rigarsa ta direban bas, ko zama bai yi ba. Wai takardar fita da dawowa ta ƙanwarsa Mubina za ta mutu ranar uku ga Zulhajji. Tana kan iƙamata, wato takardar izinin zamana, tunda ba ta yi aure ba. Ko dai ta dawo Makka kafin ranar, ko ni in ɗauki iƙamata in je wurin Abdulƙadir mai bin takardu, in dangwala yatsa a ƙara mata wa'adi. In ba a yi ko ɗaya ba, sunanta ya fita daga ƙarƙashina, kuma babbar mace irinta ba a sake ɗora ta a kan uba.

Na ce to ta dawo mana. Jirage sun ƙare ne a Turai?

Ya ce, "Abuya, tana tsakiyar aiki."

Na ce a Rajab ma tana tsakiyar aiki.

Ya kwashi makullansa ya fita. Ya bar min hoton takardar a kan tabarma. Na tura shi ƙarƙashin matashi.

Alhamis, 8 ga wata, da hantsi

Ta kira. Ta gaishe ni tsaf, ta tambayi gwiwata, ta tambayi ko an gyara mukayyif, na'urar sanyaya ɗakina da ke ɗigar ruwa. Ba ta ambaci takarda ba. Ni ma ban ambata ba.

Na ce mata, ke wai wannan aikin da ya fi ƙarfin kowa, mene ne shi? Ki faɗa min da Hausa, ba da Larabcin makaranta ba.

Ta ce a inda take akwai dogon bututu a ƙarƙashin ƙasa. Ana harba wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, su yi karo da juna, malamai su duba abin da ya fito. Iri biyu ake bukata. Ɗaya yana cikin kowace wayar lantarki, ba ya wuya. Ɗayan kuwa, wai buzitirun, ba a samunsa sai an ƙera shi. A harbi wani guntun ƙarfe mai tauri, su fantsamo ta bayansa kamar tartsatsi, kowanne ya kama gabansa, wanda duk ya taɓa bango ya ɓace. Aikinta shi ne maganaɗisun da zai tattaro tartsatsin nan ya cusa shi a bututu, kamar mazurari.

Na ce maganaɗisu dai irin na ƙofar firji?

Ta yi dariya. Rabona da jin dariyarta an jima. Ta ce nata waya ce aka nannaɗa, kuma sai an sanyaya wayar da wani ruwa wai shi hiliyum, sanyin da babu irinsa a duniya, sannan wuta take bi ta cikinta ba tare da ta yi zafi ba. Sanyayawar ma a hankali ake yi, in an yi garaje abin ya tsage. Yanzu ya yi sanyi, sun fara ba shi wuta kaɗan-kaɗan.

Wato ni na ƙare ƙuruciyata a bakin garwashi a unguwar Tandabawi, ina gasa tsire har gashin hannuna ya ƙone, don 'yata ta je ƙasar wasu ta yi gadin ƙanƙara.

Na faɗa mata haka. Dariyar ta tsaya.

Juma'a, 9 ga wata, bayan masallaci

Alhazai sun fara cika gari. Wasu 'yan Gumel sun tare ni a hara, wato lungunmu, suna tambayar ina mai tsiren nan da iyayensu ke ba da labari. Na ce ya tashi.

Lahadi, 11 ga wata, da yamma

Abdulƙadir ya zo da kansa. Badamagare ne, ni Bakano, tun muna samari muke tsokanar juna. Ya tsaya a bakin ƙofa yana fifita da wani fayil.

"Sarkin wuta, an ce ka ƙi ba da yatsa. Tsoron tawada kake yi, ko har yatsan ma Bakano sai an saya?"

Na ce Badamagare ne zai koya min riƙon gida? Ku da kuka zo Makka ba ku san ana cin shinkafa da cokali ba.

Ya zauna, na zuba masa shayi. Ya kurɓa ya ɓata fuska, ya ce wa ya dafa wannan. Na ce ni. Sai ya shanye duka.

Da zai tafi ya bar wasa. Ya ce, "Alhaji Sabitu, a ɗakin can aka haifi yarinyar nan. Ni na kawo ragon sunanta a bayan mota. Najeriya a fasfo kawai ta san ta. In takardar nan ta mutu, ina za ta ce gida?"

Na ce shi ya sa za ta dawo. Ba a taɓa yin wanda ya bar Makka saboda ƙarfe ba.

Ya ce, "Kai ka haife ta fa. Ka tuna."

Ban san abin da yake nufi ba, kuma ban tambaya ba.

Laraba, 14 ga wata, da azahar

Fatsuma maƙwabciya ta aiko da miyar kuka. Ta cika gishiri. Ba haka ake yi a gidan nan ba.

Juma'a, 16 ga wata, bayan la'asar

Ja'afaru ya nuna min wani hoto mai motsi a jawwal ɗinsa, wato wayar hannu. Wani ƙaton ɗaki, ƙarafa ko'ina, sai ga ƙara kamar tayar babbar mota ta fashe, farin hayaƙi yana feshi daga wani bututu har rufi. Mutane suna ja da baya. Na hango ta a gefe da hular kwano a kan mayafi, ta dafe kai. Ta rame.

Ya ce maganaɗisun ne ya saki. Wai wuri ɗaya a cikin wayar ya motsa, motsin da bai kai silin gashi ba, ya ɗan yi ɗumi, shi ke nan duk sanyin ya watse, ruwan ya zama iska ya fice.

Na ce a sake kunna min. Ya kunna. Na ce ba ta ji ciwo ba? Ya ce ba ta ji ba.

Sai na ce alhamdu lillahi, abu ya lalace, yanzu ba ta da hujja. Ta hau jirgi.

Ja'afaru ya dube ni irin duban da bai taɓa yi min ba. Ya ce da Larabci, wallahi Abuya ba ka da sauƙi. Na ce ya faɗa da Hausa in namiji ne. Bai faɗa ba.

Litinin, 19 ga wata, da hantsi

Ni na kira ta. Ban taɓa kiranta da kaina ba sai yau, Fatsuma ce ta danna min.

Na ce na ga abin naki ya yi amai. Ki zo gida.

Ta ce bai lalace ba. Wai haka suke, sai sun saki sau da yawa kafin su saba, kowane karo su riƙe wuta fiye da na baya. Horo ake yi musu. Za su sake sanyaya shi su sake gwadawa. Kuma an ba su layi a babban bututun a farkon Zulhajji, in suka rasa sai baɗi, digirinta ma sai baɗi, in har an bar ta.

Na ce ƙarfe yana koyo, ɗan Adam ya ƙi.

Ta ce, "Baba, ka faɗi abin da ke ranka kawai."

Na ce ba komai a raina.

Ta ce, "Umma ta rasu, Baba. Ba ni na kashe ta ba. Da asuba ta cika, kafin la'asar kun kai ta maƙabartar Shara'i. Ko a fuka-fuki na taso ba zan same ta ba."

Na ce zaman gaisuwa fa? Mata sun cika gidan nan suna tambayar ina autarta. Me na ce musu? Na ce tana gadin ƙanƙara?

Ta ce, "Ita ta ce in zauna. A asibiti, a waya. Ta ce kar in kuskura in bar abin da na fara. Ka tambayi Yaya Ja'afaru, shi ya riƙe mata wayar."

Wannan magana ba a gabana aka yi ta ba.

Na ce in kina son yatsana ki zo ki karɓa. Ta ce, "Ba zan roƙe ka ba, Baba." Na ce ni ma ban ce ki roƙe ni ba. Ina jin wata na'ura tana huci a bayanta. Ban san wanda ya fara kashewa ba.

Talata, 20 ga wata

Ban tambayi Ja'afaru ba.

Alhamis, 22 ga wata, da yamma

Zafi. Mukayyif yana ta ɗiga a bokiti. Masu rusau sun kai layin bayan masallacinmu, ƙura har cikin tukwane. Na wanke su duka, har babbar da ba a ɗora ta ba tun rasuwar Hauwa a Rajab.

Ƙarfen nata ya sake saki, in ji Ja'afaru. Amma wai ya riƙe fiye da da. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

Juma'a, 23 ga wata, bayan masallaci

Ba ta kira ba. Kowace Juma'a tana kira.

Litinin, 26 ga wata, da la'asar

Na hau mota na je Shara'i. Rana kamar a bakin tukuba. Na bi layin da na sani, amma duwatsun duk iri ɗaya ne, kuma an ƙara wasu da yawa. Na tsaya inda nake zato. Na yi addu'a, in ba nan ba ne Allah ya san inda zai kai ta.

Na faɗi wasu maganganu a can da ba zan rubuta ba.

A hanyar dawowa na yanke shawara. Zan sa hannun. Ni ba mahaukaci ba ne da zan rufe wa 'yata ƙofar Makka. Amma ba yau ba, ba gobe ba. Ranar uku ga wata, ranar ƙarshe, zan shiga shagon Badamagare in dangwala masa. Kafin nan bari kowa ya ji yadda jira yake. Ni ma na jira a bakin ƙofar nan kwana da kwanaki, duk motar da ta tsaya sai in ɗaga kai.

Wataƙila ma kafin ranar ta kira ta ce, Baba don Allah. Shi ke nan abin da nake so. Ba shi da tsawo.

Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 28 ga wata, da safe

An tura Ja'afaru jigilar alhazai tsakanin Madina da tashar Kudai ta Makka, ba zai kwana gida ba sai bayan Arfa. Ya tsaya a ƙofa da jakarsa ya ce, "Abuya, takardar." Na ce Allah ya tsare hanya.

Alhamis, 29 ga wata, bayan magariba

Na hau soro duban wata kamar yadda nake yi kowace shekara. Gwiwa ta sha wuya. Fitilun dogayen otal sun cinye sama, ban ga komai ba. Da na sauko rediyo ya ce ba a gan shi ko'ina ba, gobe talatin ga Zulƙida, Asabar ɗaya ga Zulhajji, Arfa ranar Lahadi ta sama.

To uku ga wata Litinin ke nan. Allah ma ya ƙara musu kwana ɗaya na jira.

Juma'a, 30 ga wata

Ba ta kira ba.

Asabar, 1 ga Zulhajji, da azahar

Na fito da farar jallabiya, Fatsuma ta goge min. Na sa iƙama a aljihunta tun yanzu. Ta ce ina za ni haka. Na ce ɗaurin aure.

Lahadi, 2 ga wata, bayan sallar isha

Tun safe jawwal ke kuka. Abdulƙadir. Abdulƙadir. Sai lambar Turai. Sai Ja'afaru. Sai Abdulƙadir kuma. Na ce yauwa, yanzu kun san ina nan. Na jefa shi cikin babbar tukunya na rufe.

Na je sayen burodin tamis, da na dawo Fatsuma ta tare ni a ƙofa. Ta ce Badamagare ya zo yana ta dukan ƙofa kamar zai ɓalle ta, shago cike da mutane ya baro. Ya ce a gaya maka yau ne, yau, ba gobe ba. Wai wani zancen kalanda, ita ba ta gane ba. Zai dawo bayan azahar.

Na ce Fatsuma, yau nawa ga wata? Ta ce biyu. Na ce duk Makka ta ji sanarwa ko ba ta ji ba? Ta ce ta ji. Na ce to dabara ce irin ta Damagarawa, so yake ya firgita ni in zo da wuri. Ni za a yi wa wayo da wata? Tun ba a haifi mai yi masa aiki a shago ba nake duban wata.

Ta ce, "Baba Sabitu, ka je dai ka ji. Me zai ragu?"

Na ce gobe.

Don kar ya dawo ya same ni, na tafi Harami na zauna a saman bene cikin alhazai har aka yi isha. Na yi wa yarinyar addu'a. Har ƙarfen nata na sa a ciki, Allah ya sa ya riƙe.

Litinin, 3 ga wata, da azahar

Na isa shagon tun kafin ya gama ɗaga ƙofa. Na ce Badamagare, kawo tawadarka, ga Bakano ya kawo yatsa kyauta.

Bai yi dariya ba. Bai ce Sarkin wuta ba. Ya ce in zauna.

Ya juyo min da na'urarsa, ya nuna wani jan layi. Na ce ban iya karanta wannan ba. Ya sauko da kalandar bango ya ɗora yatsa a kan yau. Lambar na iya. Huɗu.

Na ce kalandarka ta yi ƙarya, yau uku.

Ya ce, "A wurin masallaci uku ne. Hajji da ganin wata ake yi. Amma takarda da wannan kalandar take tafiya, kuma tun kafin shekara ta kama aka buga ta. A cikinta Zulƙida ashirin da tara ne. Na'ura ba ta hawa soro, Alhaji. Uku ga watansu jiya ne. Jiya da tsakar dare takardar ta mutu."

Na ce to a gaya musu ba a ga wata ba. Kowa ya sani. Rediyon gwamnati ne ya faɗa.

Ya ce, "Na zo gidanka sau uku. Na aika Harami a neme ka. A cikin wannan taron wa zai gan ka?"

Na ciro iƙama na ajiye a tebur. Na miƙa masa babban yatsana. Na ce ka dangwala dai, ka rubuta jiya.

Ya kama hannun nawa da hannu biyu ya mayar min da shi kan gwiwata.

Ya ce bayan Hajji zai shiga ya fita, zai rubuta roƙo, amma kar in sa rai. Ya ga irin wannan. Sunanta ya riga ya sauka daga kaina.

Ni ban yi kuskure ba. Yau uku ga wata. Duk wanda ke kan titin nan ka tambaya zai ce uku.

Talata, 4 ga wata

Uku ne jiya.

Alhamis, 6 ga wata, da la'asar

Ja'afaru ya biyo da bas ɗinsa babu kowa a ciki, ya tsaya a bakin hara, ya shigo. Na ɗauka zai yi faɗa. Na shirya masa. Sai ya buɗe tukunya ya ciro jawwal, ya sa a caji, ya ajiye kusa da ni.

Ya ce, "Ta sani. Ammu Abdulƙadir ya gaya mata."

Na ce me ta ce?

Ya ce ba ta ce komai ba, ta koma aiki.

Har ya kai ƙofa na ce masa, a asibiti, kai ka riƙe wa uwarku waya? Ya ce eh. Na ce tafi, alhazai na jiranka.

Lahadi, 9 ga wata, ranar Arfa, bayan la'asar

Gari ya watse, kowa yana Arfa. Ko mota ba a ji a Tandabawi. Ina azumi.

Ta kira. Ta gaishe ni tsaf. Ta tambayi gwiwa.

Na ce abin naki fa?

Ta ce ya riƙe. Sun ba shi wuta har inda ake so bai saki ba. Ranar Laraba aka harba, ya tattaro tartsatsin fiye da yadda suka yi lissafi. Malaminta ya ce a rubuta. Ta faɗa kamar mai karanta labarin wasu.

Na ce madalla. Na ce na yi masa addu'a a Harami. Ta ce ta gode.

Na ce Mubina, ba a ga wata ba ne. Ranar da na je uku ga wata ne, ki tambayi kowa. Da farar jallabiya na je.

Ta ce, "Na sani, Baba."

Na jira ta ƙara wani abu. Ko zagi ne.

Ta ce in an buɗe umara za ta nemi biza, akwai wata ƙungiya da ke kawo mutane daga can. Mako biyu suke bayarwa. Za ta so Yaya Ja'afaru ya kai ta bakin Shara'i ko daga waje ne ta tsaya. Za a sauke su a wani otal a Aziziyya.

Na ce otal? Ɗakinki yana nan. Na share shi. Mukayyif ɗinsa ma ba ya ɗiga.

Ta ce, "Baƙi inda aka rubuta su suke kwana, Baba. Zan shigo in gaishe ka."

Na ce to me zan tanadar miki? In hura wuta in gasa miki tsire, irin mai ƙuli da yawa?

Ta ce kar in wahalar da kaina, ana ba su abinci a otal.